Kofinka, Sunan Ɗan-Ladi

Assalamu alaikum, Yaya Laminu. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinka. Inna tana nan, sai dai gwiwa. Geron bana ya yi kyau a Maijirgi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, Ɗan-Ladi ya zo gidanmu.

Abokin cin raninka nake nufi. Lokacin da ka tashi daga ɗaukar jakar sandunan masu kuɗi a filin ƙwallon golf na Najeriya ka fara bugawa da kanka, aka ce gasar ƙwararru ta 'yan ƙasa ce, ɗan Nijar ba ya shiga. Shi yana da takardar shaidar ɗan ƙasa ta can, wato kartidante, ya ara maka, ba wanda ya dubi hoto. Ka shiga da sunansa, ka ci, aka zana sunansa jikin kofi. Ka kawo kofin gida a buhun gari, Inna ta jera shi cikin kwanukanta. In an yi maka maganar sunan sai ka yi dariya ka ce, "Ƙwallo ba ta san kartidante ba, hannu ta sani."

Da ciwo ya kwantar da kai a Tasawa, ko sannu bai aiko ba. Ranar jana'izarka ma ba mu ga ƙeyarsa ba.

Yanzu masu gasar za su tara tsofaffin zakarunsu su karrama su, sai ga shi da babbar riga da goron Inna, wai a ba shi kofinsa. Kofinsa, Yaya. Mutumin da ko hauya bai iya riƙewa ba. Inna ta shige ɗaka tana kuka. Ni kuwa na wanke kofin da toka har ya yi ƙyalli, na miƙa masa da hannu biyu, na yi masa a sauka lafiya.

Kada ka ce na sayar da kai. Na tuna hirar da ka yi mana a gindin gawo, cewa a irin wannan taro kowane tsohon zakara sai ya fito shi kaɗai ya buga ƙwallo ɗaya gaban jama'a kafin a fara wasa. Shi bai sani ba, don bai taɓa wuce ƙofar filin ba. Ni kuma ban ga dalilin gaya masa ba.

Na riga na kama kujera a mota. Zan tsaya sahun gaba da hotonka kana riƙe da kofin. In ya kai duka ya tono ƙasa, ƙwallo na zaune tana kallonsa, zan ɗaga hoton in faɗi sunanka da na Baba har na nesa su ji. Na san kai mai yafiya ne, ni ban gado ba. An ce ramin mugunta a gina shi gajere, to nawa daidai tsawonsa na gina.

Ina kewarka ƙwarai, Yayana. Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ce makoma. Shi kuma Ɗan-Ladi, Allah Ya ba shi lafiya har ranar, kada ko mura ta hana shi fitowa.

Ƙanwarka,
Hadiza