Gidan Da Aka Jira Ni Shekara Ashirin Da Huɗu

Ranar Talata

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ya gwiwar nan taki? Ki riƙa shafa maganin safe da yamma, ba sai ta kumbura ki tuna da shi ba. Ki gaishe mini da maƙwabciyarmu mai kitso da duk mutanen layinmu. Na san waya ba ta yi miki da wannan kunnen, sai dai ki yi ta cewa "to, to" alhali ba ki ji komai ba, shi ya sa na zauna in rubuta. Ɗauko tabarau ki gyara zama.

Na iso lafiya bayan kwana biyu a jirgin ƙasa. Jami'ar ofishin neman waɗanda suka ɓata, doguwar matar nan da ta zo ta gaya mana gwajin jinina ya dace da na wasu mutane, ita ta tarye ni a tasha. A motarta ta kai ni gidan.

Layin nasu siriri ne, akwai shagon kafinta a bakinsa, gidan kuma yana daga ciki, mai shuɗiyar ƙofa. Mutane sun cika ko'ina har kan katanga. Ban gama sauka ba wata tsohuwa ta kutso, ta zame mini ɗankwali, ta kama kunnuwana da hannu biyu ta ɗaga murya ta ce, "Me za a yi da wani gwaji? Ga kunnuwan gidanmu nan!" Kakata ce ta wajen uba. Umma, kin san irin tsokanar da na sha a makaranta a kan kunnuwan nan. To na ƙirga mutum goma sha ɗaya a tsakar gidan nan masu irinsu, har da jariri. Dariya ta ƙwace mini kafin kuka ya zo.

Kafintan shi ne mahaifina. Ya fito da garin katako a gemu, ya yi ta goge hannunsa a jikin riga, ya goge ya sake gogewa. Da ƙyar ya ce mini, "Kin sha hanya." Daga nan ya juya wa mutane baya, kafaɗunsa suna rawa.

Ita kuwa wadda ta haife ni tana tsaye a ƙofar kicin, ba ta matso ba. Kallona kawai take yi, har na fara jin tsoro ko ban yi mata ba. Da aka zaunar da ni a ɗaki ita ta kawo mini abinci da kanta, ta koma gefe ta tsaya. Ni ban ma san abin da nake yi ba, ashe ina tsince albasa ina tarawa a bakin faranti. Sai kawai na ga ta sulale ta zauna a ƙasa tana cewa, "Har yanzu ba ta ci. Ku zo ku gani, har yanzu ba ta ci." Na ture farantin na faɗa jikinta. Kin ga duk faɗan da kika yi ta yi mini a kan albasa, ashe da halin na zo.

Abin da muka daɗe muna tambayar kanmu ma na samo amsarsa. Tafiya suka yi zuwa duba wani ɗan'uwa, suka sauka a wata babbar tasha don canza jirgi. Cikin turmutsitsi na ɓace musu, ina da shekara uku. Sun bi duk tashoshin hanyar da suke kai suna cigiya, ba wanda ya kawo cewa wani jirgin daban na hau, mai zuwa wani yanki mai nisa, na kwanta a ƙarƙashin kujera har tasharsa ta ƙarshe, inda kika shigo da tsintsiyarki kika ga ƙafata.

Saura ƙorafi ɗaya. Na buɗe akwati na ga kin saka mini har takardun makarantata da rigar ruwa da kofin da nake shan shayi. Na gane abin da kike nufi, kuma ban ji daɗi ba. Hutun sati uku kawai na ɗauka a gidan burodi. Ke kika ja ni muka je na ba da jinin nan, ina ƙi kina matsawa, yanzu kuma ki haɗa mini kaya kamar wadda aka sallama?

Ki kula mini da kanki. Taki har kullum,
'Yar Jirgi

Ranar Lahadi

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ina fata lafiya lau kike, kuma kina cin abinci a kan lokaci, ba shayi da burodi kaɗai ba don ba na nan.

Ni lafiyata ƙalau, sai dai ana nema a kashe ni da ci. Kowace goggo da kwanonta, kuma duk wadda na bar nata sai ta ɓata rai. A nan Auta suke kirana, don ni ce ƙarama lokacin da na ɓata. Bayana an haifi biyu, mace da namiji, amma ba a taɓa ba kowa sunan ba. Ƙanena na ƙarshe, ƙato da shi mai gyaran babur, ya ce shekara goma sha tara yana riƙon ƙwarya, ga mai kujerar ta dawo. Ƙanwata kuwa a ɗakinta nake, kuma irin muryarmu ɗaya, har Mama takan amsa wa ɗaya tana zaton ɗayar ce. Kin ga na ce Mama. Kwana uku ina kewaye-kewaye ban san me zan kira ta ba, sai da ta ce, "Ita Umma ce, ni Mama. Ai bakinki zai ɗauki biyu."

Gidan ya tsufa, rufin yana yoyo ta kusurwa biyu. Yayyena sun gina musu wani tun shekara tara da suka wuce, Mama ta ce ba inda za ta je, kada in dawo in tarar da baƙi. Fentin ƙofar ma ba ta yarda an canza launinsa ba. Yarinya 'yar shekara uku ina za ta gane ƙofa? Amma haka ta zauna.

Yanzu ga abin da na so in ɓoye miki, na ga ban taɓa ɓoye miki komai ba. Babban yayanmu, malamin makaranta ne, tun da na zo gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar Juma'a bayan an ci abincin rana, kowa yana zaune, sai ya ce shi fa akwai abin da bai gane ba. Wai ta yaya mutum zai tsinci 'yar mutane ya riƙe shekara ashirin da huɗu? Wai ya kamata hukuma ta tambayi matar nan. Ke yake nufi, Umma.

Nan take na miƙe. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar ledar nan taki ta takardu, na zazzage a gabansa. Takardar 'yan sanda ta ranar da kika tsince ni. Takardun sanarwar rediyo. Takardar da alƙali ya ba ki riƙona bayan wata shida ba wanda ya zo. Da hotunan da kike kai ni a ɗauka duk shekara ki kai ofishin 'yan sanda, tun ina da giɓi har na yi girman da nake jin kunyar bin ki. Na ce masa matar da yake magana a kai shara take yi a tasha, ba ta da miji ba ta da kowa, kuma shekara biyu tana goya ni zuwa wurin aiki tana tsayawa a bakin kowane jirgi da ya iso, ko wani zai gane ni.

Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya jera hotunan a kan tabarma bisa shekaru. Sai ya tashi ya fita. Mama ta kwashe hotunan ta rungume, har yanzu ba ta dawo mini da su ba.

Jiya da hantsi ya same ni ina wanke-wanke, ya tsuguna kusa da ni. Ya ce ranar nan a tasha shi aka ba hannuna, yana da shekara goma sha ɗaya. Ya sake ni don ya gyara jakar da ke zame masa daga kafaɗa, ya juyo bai gan ni ba. Ba wanda ya taɓa ɗora masa laifi, amma shi bai taɓa sauke wa kansa ba. Ya ce duk shekarun nan yana neman wanda zai ce shi ya sace ni, don abin ya yi masa sauƙi. Na ce, "Yaya, yaro aka ba yarinya. Kuma ka dube ni, na yi kama da wadda ta wahala?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce gaskiya ban yi ba, kumatun nan ba na wahala ba ne. Muka yi dariya har kumfa ta shiga mini ido. Ya ce in roƙa masa gafararki. Na ce ya roƙa da bakinsa.

Ki gaida kowa. 'Yarki,
'Yar Jirgi

Ranar Asabar

Ummata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau huɗu. Kin ce kada in damu da ke, in zauna da iyayena muddin ina so. Amma mai kitso ta ƙara layi biyu a ƙasa, ta ce kullum sai kin dafa abincin mutum biyu. To wa zan yarda da shi?

Shekaranjiya Baba ya kai ni taron da suke yi duk wata, shi da sauran iyayen da 'ya'yansu suka ɓata. A wani ajin makaranta suke haɗuwa, su zauna a kan bencin yara, kowa da hotonsa a hannu. Sun kai su talatin. Wata 'yarta ta fita sayen sabulu shekara takwas ke nan. Wani ɗansa ya tafi makaranta bai dawo ba, yau shekara goma sha bakwai, ba gawa ba labari. Baba yana cikinsu tun farko, shi ya yi musu allon da suke manna hotuna.

Na ji nauyin shiga, Umma. Na ga kamar zan je in yi musu gorin sa'ata. Na tsaya a bakin ƙofa, sai mahaifin yaron nan da ya ɓata shekara goma sha bakwai, wani direba mai furfura, ya taso ya ce, "Shigo mana, 'yata. Tun da muka fara zaman nan ba mu taɓa cire hoto daga allon nan don mai shi ya dawo da ƙafarsa ba." Suka sa ni na cire hotona da hannuna. Ajin ya kaure da tafi da kuka. Matan suka yi ta taɓa ni, suna tambaya ko an ba ni abinci, ko an sa ni makaranta, ko an dake ni. Na gane ba ni suke tambaya ba. Na ba su labarinki tun daga tsintsiya. Direban ya ce yau zai koma ya gaya wa matarsa cewa akwai masu tsintar ɗan mutum su riƙe shi da amana. Kafin a tashi mutum tara da ba su taɓa ba da jini ba suka rubuta sunansu wurin jami'ar nan da ta tarye ni a tasha.

Yanzu ga babban labari. Ranar Alhamis zan taho, kuma ba ni kaɗai ba. Mama da Baba da babban yaya za su biyo ni. Kaka ma ta ce sai ta zo ta ga matar da ta yi kiwon kunnuwan gidansu, da ƙyar aka lallashe ta. Baba ya tambaye ni tsayin gadonki, wai zai yi miki matakala saboda gwiwa. Don Allah kada ki ce za ki wanke gidan nan ke kaɗai, ki bari in zo.

Mama ta sayi littafin rubutu, ƙanwata tana rubuta mata tambayoyin da za ta yi miki. Sun kai shafi shida. Yaushe haƙorina na farko ya faɗi, wa ya raka ni makaranta ranar farko, na yi ƙyanda ko ban yi ba, me nake tsoro, wa ya koya mini kitso. Ta ce ba ta zo karɓar komai daga hannunki ba, ta zo ne ki ba ta labarin abin da ba ta gani ba. Mun yi magana da su, aikina yana wurinki, ɗakina yana wurinki. Duk hutu zan zo nan, wani lokaci tare da ke in gwiwa ta yarda.

Tambaya ɗaya ce ba ta bari a rubuta ba. Ta ja ni gefe ta ce, da na iso wurinki, na yi kukan nemanta? Na ce ban tuna ba, ke kika sani. Sai ta ce ita kanta ba ta san amsar da take so ba: in na yi kuka zuciyarta za ta karye, in ban yi ba ma haka. In ta tambaye ki, ki gaya mata gaskiya yadda take. Ke ma kin yi shekaru kina jin tsoron ranar da za a zo a ce ni ta wasu ce, kin san yadda za ki faɗa mata.

Jirgin yana isowa ranar Asabar, ƙarfe goma na safe. Ki zo tasha, Umma, ki tsaya a inda kika saba tsayawa. Wannan karon akwai masu saukowa.

Sai mun iso. 'Yarki ta cikinki,
'Yar Jirgi