Rijiyar Hanyar Fashir

Fashir, ƙasar Sudan, 1962

Zuwa ga yayana Maiwada,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Ina Lantana da yara? Ka gaishe min da mutanen Hunkuyi.

Ni da sauƙi, kada Inna ta damu. Mun iso Fashir, amma Makka da sauran nisa. Motarmu ta lalace a daji, muka taka kwana biyu, rijiyar da aka kwatanta mana kuwa muka tarar ta ƙafe. Leɓena duk ya tsage, fitsari ma ya ɗauke, amma yanzu ina iya haɗiye kunu. Na gaji, Yaya.

Ya'u abokin tafiyata bai iso ba. Na miƙa masa ɗan ruwan da ya rage a gora, ya ce, "Tukur, sha abinka, ni tawa ta ƙare." Mun binne shi a gindin wata bagaruwa.

Don Allah ka je Dandamisa da kanka ka gaya wa mahaifiyarsa. Ka ce mata ya cika da kalmar shahada. Kada ka ambaci ƙishirwa.

Ƙanenka,
Tukur