Zanen Inna a Jikin Fitilar Takarda

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai idon Inna, shi ya hana ni sukuni har na ɗauko biro.

Tun da ganinta ya ja baya, hasken ƙwan ɗakinta yake sukar mata ido. Sai na sayo fitilar takarda, irin mai zagayen nan da ake rufa wa ƙwai, na ce bari in ƙawata mata. Kin san ni da rawar kai, na lafta mata fenti ja da kore har sau uku. Da na kunna, ɗakin ya yi duhu ɗulum. Inna ta ce wa zan burge da launi, ita da haske kaɗai take gani yanzu? Wallahi na ji kunya.

Na sayo waɗansu. Na ciro tsofaffin rigunan matashi da ta yi wa ɗinkin hannu, na kwafi zanen a jikin takardar, na bi layin da babbar allura ina hudawa. Biyu na yaga saboda gaggawa, yatsana har ya yi kanta. Ina kunnawa furanninta suka fito, ɗigo-ɗigon haske. Ta daɗe tana kallo, sannan ta shiga gaya mini shekarar da ta ɗinka kowanne. Yanzu fitila shida ke rataye a ɗakin. Ta ce saura zane ɗaya, na rigar matashi mai tsuntsaye biyu, wadda ta ba ki ranar da za ki tafi.

Yaya, likita ya ja ni gefe ya ce ragowar ganin ba lallai ya kai wata biyu ba. Tun ranar na kasa zama: in ɗauki allura in ajiye, in leƙa ɗakinta in dawo. Tsoro nake ji. Na ce mata zan sa ki ɗauki hoton zanen tsuntsayen a waya ki turo, sai ta girgiza kai ta ce, "Ta kawo da hannunta. Ba tsuntsayen kaɗai nake son gani ba."

Kawu da Gwaggo suna gaishe ki. Ki gaishe mini da maigida, da Auta, da takwarata mai surutu. Don Allah kada ki ba ni amsa da takarda, ki taho kawai.

Ƙanwarki mai duban hanya.