Gurbi na Bakwai

Multan, tsakiyar azumi

Zohaib ɗana,

Ina gargaɗinka tun kafin gaisuwa: rufe kwamfutar nan sannan ka karanta. In ka karanta ido ɗaya a takarda ɗaya a allo, zan gane daga amsarka, yadda nake ganewa kana yaro in ba ka wanke bayan kunne ba.

Assalamu alaikum. Yaya ibada, yaya zafin Lahore? Ina fatan kana cin sahur na kirki, ba shayi da biskit ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ka sani.

Ƙanwarka Rimsha ta daina cin abinci, ko a buɗa-baki sai dabino da ruwa. Na zaunar da ita ta yi mini bayani har na fahimta, don ba a banza na yi sakandare ba. Ta ce abin nan da ka ƙera, wanda kuke kira laburare ko da yake babu littafi ko ɗaya a ciki, aikinsa naɗe bayanai ne su zama ɗan ƙunshi, a adana ko a aika, daga baya a kwance su yadda suke. A cikin ƙunshin ba a rubuta suna, kowane bayani da lambar gurbinsa. Da shi ta gina manhajar kamfaninsu, wadda teloli ke ajiye awon mutane a ciki. Shugabanta ya so a ɗauki na wasu, ita ta tsaya kai da fata ta ce na yayanta ya fi.

A da, in an cire wani awo, gurbinsa yakan zauna ba kowa. Haka na bakwai ya zauna tun da suka daina ajiye awon aljihu. Sai kai ka fitar da sabuwar siga mai cike gurabe, wai don ƙunshin ya ƙara ƙanƙanta. Kowane tsohon awo ya zame gidan maƙwabcinsa, na ƙirji ya faɗa gidan na ciki. Telolin da suka lura suka tsaya. Waɗanda ɗinkin salla ya sha wa kai suka sa almakashi. Ustad Manzur tela ya zo har ƙofar gida da riga a hannu ya ce, "Baji, yayata, mai rigar nan ko ya yi azumin shekara ba zai shige ta ba."

Shugabanta ya ce bayan salla za a duba ko za ta ci gaba da aiki. Rimsha ta yi ta kiran ka, ba ka ɗauka. Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce.

Ina jiran amsa. Allah ya yi maka albarka.

Amminka,
Shagufta

Multan, goman ƙarshe

Zohaib,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kuma murar da ka ambata ta sake ka.

Amsarka ta iso. Ka ce ka rubuta canjin a bayanin sabuwar sigar, layi na kusan ƙarshe, kuma wajibinta ne ta ƙulle manhajarta a kan tsohuwar, ko ta gwada kafin ta saki. Na karanta mata. Ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne, ba ta gwada da tsofaffin awo ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ammi, da na baƙo ne da na gwada sau goma. Wannan kuwa na Bhai ne, yayana." Ta sha faɗa daidai laifinta, kada ka zaci na raga mata.

Amma ka yi tunani a kan wannan amsa tata. Wanda ya yarda da kai shi ne ya fi saurin faɗawa ramin da ka haƙa, don ba ya duba ƙasa. Ka ba duniya abin nan kyauta, na sani, har nakan yi alfahari da hakan a gaban maƙwabta. Kyauta ba ta ɗauke amana. Mutanen da suka naɗe kayansu da igiyarka shekarun baya ba su san ka ba, ba sa karanta bayaninka, suna dai sa ran in sun dawo za su kwance su tarar da abin da suka ajiye.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro yau. Awo na farko da Rimsha ta taɓa sa wa manhajar, tun tana koyo, na mahaifinku ne, Abbu, Allah ya jiƙansa. Da kanta ta auna shi yana dariya yana cewa ta bar wa tumbinsa wurin shinkafar biryani. Jiya ta buɗe shi da sabuwar sigarka ina zaune a gefenta. Mutumin da ya fito siriri ne kamar ɗan wasan kurket, ban san shi ba. Na yi dariya, daga baya na tashi na shiga ɗaki.

Ka san tun rasuwarsa wurinsa a shimfiɗar abinci yana nan ba kowa. Ɗakin ƙarami ne, da mun matsa da mun sami sarari. Ba mu matsa ba, shi ya sa har yau kowa ya san inda yake zama.

Ba zan ƙara cewa komai ba.

Amminka,
Shagufta

Multan, jajiberin salla

Ɗana Zohaib,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fatan kun ga wata lafiya.

Rimsha ta ce ka kira ta, kun daɗe kuna aiki tare ta waya. Ka mayar da gurbi na bakwai, ka sa masa alama cewa ba za a sake ba wa kowa shi ba, ka kuma rubuta neman gafara a saman bayanin, inda ido ke fara sauka. Ta ce kai ka nemi a sa awon Abbu cikin gwaje-gwajenka, kowace sabuwar siga sai ta kwance shi daidai kafin ta fita. Ta buɗe mini na gani. Ya dawo da tumbinsa.

Yadin da aka yanka dai ya yanku. Akwai waɗanda za su je idi gobe da tsohuwar riga saboda ku biyun, kada ku manta da su. Shugabanta bai yanke hukunci ba tukuna, amma ya karanta abin da ka rubuta, ya kuma ce ta dawo ofis bayan salla. Ta ci gurasar roti biyu a buɗa-baki.

Rimsha za ta tura maka hoton wannan takardar ta waya a daren nan. Motar safe za ka hawo. Daga tasha ka fara biyawa shagon Ustad Manzur da gwangwanin alewar halwa, ka ba shi haƙuri baki da baki, sannan ka zo gida.

Ga dokar da na kafa, ta hau kanka, ta hau kan ƙanwarka, ta hau kaina. Duk wanda zai canza abin da wani ya jingina da shi, ya faɗa masa da bakinsa kafin ya taɓa. Gurbin da aka bari kuwa, a kwamfuta ne ko a shimfiɗa, a bar shi yadda yake.

Amminka,
Shagufta