A Mayar da Sunan Yakubu Kafin Juma'a

Zuwa ga Direktan makarantar firamare ta unguwarmu, Garwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da malaman da ke ƙarƙashinku. Ni ce mahaifiyar Yakubu, ɗan ajin CM2, ajin ƙarshe. Na rubuto wasiƙar nan a buɗe, na kuma ba shugaban ƙungiyar iyaye kwafinta, domin ba na tsammanin ni kaɗai abin nan ya sama.

Ranar Talatar makon jiya Yakubu ya dawo gida bai taɓa abincinsa ba. An kira sunayen yaran da makaranta za ta tura jarrabawar kammala firamare da ta shiga kwaleji, ba a kira nasa ba. Ba takarda, ba saƙo. Ranar Laraba na zo da ƙafata, na zauna ƙarƙashin dalbejiyar da ke ƙofar ofishinku daga ƙarfe takwas har sha ɗaya. Ba ku fito ba. Malamin ajinsu ne ya fito, a tsaye ya ce mini, "Hajiya, ɗanki fa ba karatu yake ba, hadda yake. In muka tura shi zai ɓata wa makaranta sakamako."

Na koma gida da niyyar ƙaryata shi. Na buɗe wa Yakubu littafin rubutunsa, ya zubo darasin daga sama har ƙasa ba tuntuɓe. Sai na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a layi na bakwai, na ce mece ce wannan. Sai na ga leɓɓansa suna motsi. Ashe farkon darasin ya koma yana biyowa a zuci, yana ƙirga kalmomi har ya iso inda yatsana yake. Na ɗauko kwalin sabulu na miƙa masa ya karanta rubutun jikinsa. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai hawaye.

Zan fara da laifina, don kada a ce na ɓoye. Na yi kwaleji shekara huɗu, ina karanta Faransanci. Kullum bayan la'asar yaron nan yana tsakar gida yana rera darasi, ina bakin murhu ina jin muryarsa ina godiya ga Allah. Mu da muka tashi da allo, in mun ji yaro yana kawo karatu da ka, sai mu ɗauka an gama. Alhali malamin allo ma yakan nuna baƙi ya tambayi yaro sunan baƙin. Ni ban taɓa leƙa shafin ba. Wannan nawa ne, ni zan amsa shi.

Yanzu ga naku.

Na ɗaya. Shekara biyar ina sa hannu a takardun sakamakonsa, duk suna nan a akwatina, kowacce da hatiminku. Ana rubuta yaro ne mai ƙoƙari, ya wuce aji na gaba. Wa ya gwada shi kafin ya wuce? Wanda ya sa hannu a kan abin da bai duba ba, shaidar zur ya yi, ko da da kyakkyawar niyya ne.

Na biyu. Yakubu ya ce malam yakan rubuta darasi a allon bango, ya karanta, aji gaba ɗaya su maimaita da ƙarfi har ya zauna. Na san ajin a cike yake, wasu ma a ƙasa suke zama, kuma ba na raina wahalar malamai. Amma a ce shekara biyar ba a sami rana ɗaya da aka tsayar da yaron nan shi kaɗai aka ce ya karanta layi biyu ba, wannan ba cunkoso ne kaɗai ba, akwai sakaci.

Na uku. A zaman da na yi a ƙofarku na hangi kabad ɗin da ke bayan teburinku, cike da littattafan karatu masu hotuna, an datse da kwaɗo. Na tambayi Yakubu. Ya ce sau biyu ya taɓa riƙe su, duk a ranar da sufeton makarantu ya zo, kuma motar sufeto na fita aka tattara. Littafin da ake tsoron ya yi datti bai koya wa kowa komai ba. Ku ajiye su tsaf, gara za ta karanta muku.

Na huɗu, shi ne ya fi ƙona mini rai. Ba don amfanin Yakubu aka cire sunansa ba. Don a ce makarantarku ba a faɗuwa ne.

Malam Direkta, ga abin da ba ku sani ba. Mahaifin Yakubu ɗan kasuwa ne, kakanninsa ma haka. Ya riga ya yanke cewa in sunan yaron bai fita ba, ba zai ɓata wata shekara ba, zai tura shi Meiganga wajen baffansa ya koyi cinikin shanu. Da kyar na roƙe shi ya yarda cewa in sunan ya shiga, zai bar shi har ya zauna jarrabawa. An ce mini ranar Juma'ar nan za ku miƙa jerin sunayen. Shekarun Yakubu sha ɗaya. In ya hau motar Meiganga, ni da ku mun san ba zai sake zama a benci ba.

Ba na cewa lallai zai ci. Saura wajen wata shida, su nake nema. Tun ranar Laraba na ɗauke littafin rubutunsa na ɓoye, muka koma kan baƙaƙe, ni da shi a tabarma ɗaya, idona a kan shafin. Jiya a hanyar kasuwa ya tsaya gaban wani kantin magani ya haɗa rubutun allon kantin da kansa. Ya daɗe har mai kantin ya leƙo ya ce, "Lafiya, Hajiya?" Na ce lafiya lau, karatu muke.

Buƙatuna ke nan. A mayar da sunansa kafin Juma'a. A buɗe kabad ɗin a riƙa ba yara aron littafi su je gida da shi, in ya yage mu iyaye mu ɗinke. Kada a sake wucewa da yaro aji na gaba sai ya karanta abin da bai taɓa ji ba, shi kaɗai. Kuma a kira iyayen sauran yaran da aka cire, a gaya musu gaskiya da Fulatanci ko Hausa, yadda za su gane, tun da ba kowace uwa ce za ta iya rubuto muku ba.

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas za ku same mu ƙarƙashin dalbejiyar nan, ni da Yakubu. Ku zo da makullin kabad ɗin, ku zaɓi littafin da kuka ga dama, ku buɗe shafin da kuka ga dama. Zai yi gargada, zai bi da yatsa, zai ɗauki lokacinku. Ku yi haƙuri ku saurara har ƙarshen layi. Shekara biyar kuna jin yana zubowa ba tuntuɓe kuna yaba masa, wannan gargadar ce karatunsa na farko.

Allah Ya yi muku jagora a kan amanar 'ya'yan mutane da ke hannunku, Ya shirya naku 'ya'yan, Ya sa ku gama aiki lafiya.

Wassalam.

Hajiya Rabi, mahaifiyar Yakubu.