Goyon Sarki

Asabar, 5 ga Oktoba
Suwaiba, mai shirya wasan kwaikwayon ƙungiyarmu, ta kira ni. Baba Halliru ba zai fito a sarki ba bana. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Ni zan hau gurbinsa a wasan da za mu yi a Birmingham. Na yi masa addu'a da sanyin murya, na kashe waya, na taka rawa a kicin. Na gaji da fitowa a barde, mai shiga kurkukun abokan gaba ya goyo sarki, a tafa wa sarki.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na gwada alkyabbar. Wallahi ta karɓe ni.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na je unguwar Gorton karɓo sandar sarki a wurin Baba. Yana zaune bakin taga, ya rame. Ya ce in karanto masa jawabin kurkuku. Na kakare a tsakiya, ya ɗauka ya ƙarasa, a hankali, baki a karkace, ko kalma bai yar ba. 'Yarsa Batulu ta rako ni, ta ce, "Kullum sai ya yi bitar lines ɗin nan na sarki. Kunya yake ji a gan shi yana jan ƙafa a stage." Na riƙo sandar a bas kamar na sato ta.

Talata, 15 ga Oktoba
A wurin bita Umair, sabon barde, ya kusa kayar da ni. Suwaiba kuma wai ina magana kamar sarkin da ya ƙoshi da tuwo, ba wanda ya shekara a ɗaure ba. Na ji haushi. Gaskiya ce ta faɗa, shi ya fi ba ni haushi.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Na lura da wani abu, da ma ban lura ba. Duk tsawon wasan sarki ba ya taka ƙasa. Da farko yana zaune cikin mari, a ƙarshe yana bayan barde. Ban gaya wa kowa ba. Dole ne?

Lahadi, 20 ga Oktoba
Gorton. Na mayar da sanda, na faɗa masa abin da na lura da shi, na ce ya fito a sarki, ni zan goya shi. Ya yi ta jujjuya sandar har na fara murna zai ƙi, Allah ya yafe mini. Can ya ce, "Aminullahi, sarautarka fa?" Na ce, "Aro ce, Baba." Ya ce to in kawo alkyabbar a rage mata faɗi.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Jiya muka yi wasan a unguwar Aston ta Birmingham, zaure ya cika. Da Baba ya fara jawabin kurkuku da wannan murya tasa mai rawa, har yara suka bar waya. Na durƙusa, na goya shi, ba nauyi kamar bara. Ya raɗa mini, "A hankali, barde, kada ka zubar da ni gaban mutanen Birmingham." Hannun nan da ya shanye, na ji ya ɗan kama kafaɗata. Mutane suka miƙe tsaye, shi suke wa tafi. Na jira haushin ya zo, bai zo ba.

Suwaiba ta tambaya ko baɗi ina son sarki. Na ce a bari mu gani. Gobe dai zan koma motsa jiki, don Batulu ta ce jiya da suka koma gida sai da ya nemi ƙarin tuwo.