Ɗoɗɗoyar Baba Saura Gindi Ɗaya

Doguwa,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri a can Fatakwal. Mu ma lafiya lau, sai dai idon Baba da ya ƙara dushewa, yanzu da lalube yake zuwa masallaci.

Yaya, tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Ka san tsutsar nan ta cikin ƙasa da ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle har shuka ta bushe a tsaye. Bana ta cinye ɗoɗɗoyar kowa a fadamarmu. Ka kuma san shekara bakwai Baba yana dasa ta dajin Riruwai kusa da ta gida don ƙudan zuma su haɗa irinsu, yana ɗibar iri daga waɗanda tsutsar ta kasa kashewa kawai. Bana ya ce a zuba irin gaba ɗaya a kwamin lambu da tsutsar ta fi yawa, wai gwajin ƙarshe. Na ce a rage, ya ce in bar shi da aikinsa. Gindi bakwai suka tsira, kore shar, na ɗaura musu jan ƙyalle.

Ranar Talata ina kasuwa, Gwaggo Kande ta shiga lambun neman abin da za ta dafa wa 'yarta Shamsiyya da ta haihu. Ka san ba ta neman izini a lambun ɗan'uwanta, kuma wa ya isa ya hana mai jego magani? Ta tuge biyar har saiwa. Da na yi magana ta ce ganye ne fa, ba zinariya ba. Cikin biyun da suka rage, ɗaya ya fara yaushi jiya, na tona gefensa na ga ƙulle-ƙullen. Ɗayan ya yi fure, amma sai nan da mako uku irin zai nuna. Na kewaye shi da ƙaya, ko akuya ta gifta sai in ruga in kore ta.

Baba bai sani ba. Kullum da safe yana tambayata, ina cewa suna nan. Yau ya ce ranar Juma'a in kai shi ya shafa su da hannunsa. Rana dai ba ta ƙarya.

Bara da za ka koma ya ƙulle maka busassun kawunan ɗoɗɗoyarsa a leda don shayi. Don Allah ka duba, akwai iri a ciki. Idan da saura, ko tsinke ɗaya ne, ka ba direban da ka yarda da shi. Idan kuwa kun shanye, kada ka kira wayar Baba, ka kira tawa, in san da bakin da zan faɗa masa.

Ka gaida Anti Ramla da su Husna da Idi.

Ƙanwarka,
Hajara.